Tsumburbura

Tsumburbura sunan gunki ne da mutanen da ke zaune kewaye da Dutsen Dala suke bauta wa kafin zuwan Musulunci ƙasar Kano. Mafi yawan labarinsa ya zo ne a littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a shekarar 1908.

Mazauni

A wasu ƙasashe, kamar Indiya da Nefal, akan sassaƙa gumaka masu ban tsoro da dutse. Shi kuwa Tsumburbura mazauninsa wata bishiya ce mai suna Shamus, wadda aka kewaye da katanga. Ba mai shiga wurin sai Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, domin an yi imani duk wanda ya shiga zai mutu.

Yadda ake bauta

Barbushe yana zaune ne a kan Dala, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. A lokacin jama'a kan taru da baƙaƙen karnuka, baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye domin yanka. Yakan shiga wurin gunkin da dare, in ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. Littafin ya ce har zuwan baƙin da za su mallake ƙasar ya faɗa.

Rikici da sarakuna

Bayan kafuwar gidan Bagauda, wurin bautar ya zama cibiyar masu ƙin miƙa wuya ga sarauta. Sarki Tsamiya (1307–1343) ne ya ci su da yaƙi, ya rushe katangar. A zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a gindin bishiyar.

Duk da haka tsafin bai mutu nan take ba. Da Zazzau ta gagari Sarki Kanajeji (1390–1410), sai aka ba shi shawara ya koma ga abin da kakanninsa suka bari, ya sari reshen bishiyar aka yi ganguna da shi.

Ƙarshensa

A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka sare bishiyar, aka gina hasumiya a gurbinta. Shekarun sarautar da aka ambata a nan duk bisa lissafin Palmer ne.