Murhu da Masu Son Gyara Shi

Kacici-kacicin Bahaushe na cewa, "Uku-uku ta gama gari," amsar kuwa ita ce murhu. Duwatsun nan uku sun daɗe suna ciyar da mu, amma suna da aibu biyu: yawancin zafin wutar iska ce ke kwashe shi, hayaƙin kuma yana ƙarewa a idon mai girki da ƙirjinta.

Farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya sa aka farga da yadda dazuzzuka ke ƙarewa, sai masana suka dukufa neman murhu mai cin itace kaɗan. A ƙasar Gwatamala, bayan girgizar ƙasar 1976, aka fito da murhun Lorena, sunan da aka harhaɗa daga kalmomin Sifaniyanci biyu masu nufin laka da rairayi. Gini ne mai kauri, da ramukan tukwane da bututun fitar hayaƙi. Sanagal ta yi irinsa mai suna Ban ak Suuf. Daga baya gwaji ya nuna cewa kaurin ginin kan shanye zafin da ya kamata ya isa tukunya. A 1982 Larry Winiarski ya shimfiɗa ƙa'idojin da ake bi har yau: a taƙaita ɗakin wuta, a kewaye shi da abu marar nauyi kamar toka, a bar wa iska hanya ta ƙarƙashin itace, a kuma matse harshen wuta ya lashi jikin tukunya.

Sai dai ƙa'ida ita kaɗai ba ta tuƙa tuwo. Murhun da tukunya ke rawa a kansa in an sa muciya, ko wanda ba ya ɗaukar tukunyar biki, uwargida kan yi watsi da shi ta koma ga duwatsunta. Shi ya sa a shekarun 1980 aka sauya dabara. A Burkina Faso mata da kansu suka riƙa kewaye duwatsun uku da yumɓu daidai girman tukunyarsu, a Nijar kuma maƙeran gari suka ƙera murhun ƙarfe da aka raɗa wa suna Mai Sauƙi.

Duk wanda zai gina murhu a madafin ƙauye, to ya fara auna tukunyar gidan, ya zauna ya ga yadda ake tuƙi, kafin ya kwaɓa laka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.