Mulhidanci da doka: Shari'ar Mubarak Bala

Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya ya bai wa kowa 'yancin bin addini ko sauya shi. Dokar Penal Code ta arewa ma ba ta hukunta rashin imani, amma ta haramta cin zarafin addinin wasu a bainar jama'a.

A kan wannan gaɓa ce aka gurfanar da Mubarak Bala, ɗan Kano da ya ce bai yarda akwai Allah ba. An kama shi a Kaduna a 2020 saboda kalamansa a Facebook, waɗanda Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne.

Ya amsa laifi a 2022, babbar kotun Kano ta ɗaure shi shekaru 24. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage su zuwa 5, daga bisani aka sake shi.