Ruwan Kano da Kuɗin Riƙonsa, Daga Gwauron Dutse Zuwa Watari

Cikin ayyukan da En'e ta Kano ta bari a bayanta, kaɗan ne suka cancanci a tuna da su cikin wannan ɗan littafi kamar aikin ruwa. Gina matattarar ruwa aiki ne na 'yan shekaru, amma riƙonta aiki ne na kullum, ba ya kuwa yiwuwa sai da kuɗi masu shigowa a kai a kai, da mutane amintattu masu rubuta su. Nufinmu a nan mu bayyana inda kuɗin ruwan Kano ya fito, da yadda aka riƙe shi, da abin da mutanen Shanono da maƙwabtansu za su ɗauka daga wannan tarihi game da babban tafkin Watari da ke kusa da su.

Kafin zuwan famfo

A zamanin da, birni da ƙauye duk hanyar samun ruwansu ɗaya ce, watau rijiya da kududdufi da tafki. Kududdufan birnin Kano ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya taru a cikinsu, nan a ke wanki, nan dabbobi ke sha, nan sauro ke haihuwa. A ƙauyuka kuwa, da zarar bazara ta kama, sai mata da yara su dinga sammako zuwa gindin rafi, su tona yashi, su jira ruwa ya tsattsafo. Kurkunu ya kan kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin shuka, gona ta kwana ba noma.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baƙi suka yi ta kwararowa, Sabon Gari da Fagge suka cika, kamfanoni suka kafa kantuna. Rijiyoyin da suka ishi kakanni suka kasa isar jikoki. Kowa ya ga lalle sai an nemo ruwa daga wani wuri, amma abin tambaya shi ne, wa zai biya?

Baitulmali

Amsar tana cikin Baitulmali. A zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka kafa Baitulmalin En'e, wajen 1910. Kafin wannan, rabon da Sarki da hakimai ke samu daga haraji nasu ne, su yi yadda suka ga dama da shi. Bayan an kafa Baitulmali sai aka yanka wa kowa albashi, tun daga Sarki har ɗan doka, abin da ya ragu ya zama dukiyar jama'a a hannun Ma'aji. Haraji da jangali a kan raba su tsakanin Gwamnati da En'e. Da farko rabi da rabi ne, cikin 1928 aka ƙara wa manyan En'e irin ta Kano rabonsu ya kai kashi 70 cikin 100, kāna aka rage shi sa'ad da kasuwar duniya ta faɗi.

Shekarar kuɗi ta kan fara ran 1 ga Afrilu, ta ƙare ran 31 ga Maris. Kafin ta kama sai an tsara abin da a ke sa ran samu da abin da za a kashe, Razdan ya duba, a aika Kaduna a amince. Abin da ya yi rara a kan ajiye shi, har a kan juya wani sashe nasa a Ingila ya riƙa kawo riba. Da haka, shekara bisa shekara, Kano ta tara ajiyar da babu wata En'e a Arewa da ke da kamarta.

Aikin Calawa

Sa'ad da Sarki Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta cikin 1926, shawarar ruwan birni ta nuna. Aka zaɓi kogin Calawa, wajen Fanshekara, kudu maso yamma da birni. Kogin ya kan ƙafe da rani a ido, amma ruwa na kwance ƙarƙashin yashinsa, saboda haka aka kafa rijiyoyi cikin gindin kogin, aka girka injuna masu turo ruwa cikin bututu. A bisa Gwauron Dutse aka gina babban tanki, don in ruwa ya hau can, nauyinsa kaɗai ya isa ya gangaro da shi cikin unguwanni. Tare da ruwan aka haɗa aikin wutar lantarki, gama injin turo ruwa wuta ya ke bukata, abin da ya ragu kuma a haskaka gari da shi.

Aka buɗe aikin cikin 1931. Ya ci fiye da fam 300,000, daga ajiyar En'e aka fitar da su. Mai karatu ya tuna a lokacin nan sule ɗaya kuɗi ne mai auki, ya kuma tuna aikin ya ƙare ne daidai sa'ad da farashin gyaɗa ya faɗi warwas, talakawa na neman kuɗin haraji da ƙyar. Da ba a yi tanadi tun shekarun yalwa ba, da aikin ya tsaya a hanya. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Don me a ke biyan kuɗin ruwa?

Wannan tambaya tsohuwa ce, har yau kuwa ba a daina yinta ba. Mutum ya kan ce ruwa kyautar Allah ne, yaya za a sayar masa? Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe al'amarin. Ruwan kogi da na sama jama'a duka sun yi tarayya a cikinsa, ba a hana mai ƙishi sha, ba a hana dabba. Amma ruwan da mutum ya ɗebo da wahalarsa ya zuba a tulu ko salka ya zama nasa, yana da halin sayarwa. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin laifin ɗan garuwa, mai rataya garwa biyu a sanda yana bi gida gida. Abin da a ke biyansa ladan ɗauka ne.

To, En'e ita ma ɗaukar ruwa ta yi, sai dai da inji da bututu ta ɗauko shi. Inji yana cin mai, bututu yana tsatsa, tanki yana son wanki, mai gadi da makaniki da malamin lissafi suna jiran albashi ƙarshen wata. Bayan wannan akwai wani kuɗi da ido ba ya gani, watau abin da ya kamata a riƙa warewa kowace shekara don ranar da inji zai tsufa a sayi sabo. Wanda ya karɓi kuɗin ruwa ya kashe shi duka a kan bukatar yau, ya ci bashin 'ya'yansa ke nan ba da saninsu ba.

Lasin da rasit

Dokar En'e ta 1933, da wadda ta gaje ta cikin 1954, sun ba En'e ikon kafa ƙa'idodi a ƙasarta. Ban da haraji da jangali, akwai ƙananan kuɗaɗe da ke shiga Baitulmali: lasin keke, kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin izinin sarar itace a gandun daji, kuɗin kotu, da kuɗin ruwa da wuta. Hikimar lasin ita ce, wanda ke cin moriyar abin jama'a fiye da sauran mutane, ko ya ke neman abincinsa da shi, shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi girma na riƙonsa. Lasin kuma yana da amfani na biyu, gama da shi hukuma ke sanin yawan masu sana'a, ta gindaya musu sharaɗi, ta karɓe takardar wanda ya saɓa.

Dukan wannan tsari a kan ɗan littafin rasit ya tsaya. Kowane rasit da lambarsa, a yaga ɗaya a ba mai biya, gindin ya zauna cikin littafi. Malamin da aka damƙa wa littafi sai ya kawo kuɗi daidai da abin da gindin rasit ya nuna, Ma'aji ya ƙirga, a shigar cikin babban littafi, mai binciken lissafi ya zo daga baya ya gwada wannan da wancan. In anini ya ɓace sai an nemi inda ya shiga. Yawancin waɗannan malamai ba a rubuta sunayensu a jikin kowane gini ba, amma da alƙalaminsu ruwa ya yi ta hawa Gwauron Dutse.

Ba za a ce zamanin ba shi da aibi ba. An sami masu karɓa ba rasit, an sami masu ƙari a kan abin da aka yanka, kukan talakawa a kan irin wannan yana cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi bayan kafa ta cikin 1950. Duk inda rasit ya ɓace, nan zalunci ya kan shiga.

Rabon mutanen ƙauye

Akwai wata magana da ya wajaba a faɗa. Ajiyar da ta gina aikin Calawa ba daga birni kaɗai ta taru ba. Mafi yawanta harajin manoma ne da jangalin makiyaya, daga ƙasashe irin su Shanono, inda gona ke manne da gona, a ke noman gero da dawa da gyaɗa kowace shekara ba hutu. Gyaɗar manomin Shanono ta biya harajinsa, harajinsa ya shiga Baitulmali, amma famfo a birni ya tsaya, matarsa ta ci gaba da tonon yashi. Daga baya an yi ta haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyuka, sun kuwa taimaka, sai dai ba su kai ko kusa da abin da birni ya samu ba.

Sannu a hankali ayyukan suka fita daga hannun En'e. Hukumar lantarki ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1950, ta karɓi wuta. Aka ƙirƙiri Jihar Kano cikin 1967, ruwa ya koma hannun jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e ɗungum, cikin 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar.

Zamanin madatsai

Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗora Kano a kan hanyar tare ruwan damina. Aka gina madatsar Bagauda, aka gama ta Tiga cikin 1974, ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a Arewa. Bayansa aikin ya ci gaba, aka tare kogin Watari a ƙasar Bagwai, maƙwabciyar Shanono, aka gama cikin 1980. Tafkin yana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 100. Kogin Watari kuwa cikin Calawa ya ke zubawa, watau ruwan wannan yanki ya daɗe yana gangarawa wajen da aka kafa injunan farko.

Da tafkin ya cika, sai sana'o'i suka tsiro a bakinsa. Masunta suka zo da koma da birgi da kwalekwale suna kama karfasa da tarwaɗa. Manoman rani suka kama shuka tumatir da albasa da masara da shinkafa. Makiyaya suka sami mashaya. Daga baya aka gina matatar ruwa a Watari don a ƙara wa birnin Kano ruwan sha.

Amma waɗannan madatsai da kuɗin gwamnati na zamanin man fetur aka gina su, mutane suka ɗauke su tamkar kyautar da ba ta da ɗawainiya. Alhali ɗawainiyarsu ta fi ta tankin Gwauron Dutse. Kowace damina ruwa na kwaso ƙasar gonaki yana jibgewa cikin tafki, cikinsa na raguwa. Magudanan ban ruwa na tsagewa, ciyawa na toshe su, ƙofofin ƙarfe na cijewa. Bangon madatsa kansa yana son a riƙa dubansa, a sare itacen da ya tsiro a jikinsa, a toshe ramin gara da na ɓera. Ɓallewar madatsar Bagauda cikin Agusta 1988, bayan ruwa mai yawa, ta nuna wa kowa irin ɓarnar da tararren ruwa ke yi in ya sami hanya. A Watari ma, sai da aka nemo kuɗi daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a shekarun 2020 don gyaran hanyoyin ban ruwa.

Abin da ya rage gare mu

Doka ba ta rasa ba. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana kisan kifi da guba ko nakiya, dokar albarkatun ruwa ta 1993 kuma ta tanadi ba da lasin ga masu ɗibar ruwa. Abin da a ke bukata shi ne irin riƙon da malaman Baitulmali suka saba da shi. Masunci ya karɓi lasinsa bisa sharaɗin ba zai zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa ba, ba zai kuma jefa taru mai ƙananan idanu ya kwashe 'ya'yan kifi ba, Sarkin Ruwa ya zama shaida. Manomin rani ya biya gwargwadon faɗin gonarsa ta hannun ƙungiyar masu amfani da ruwa. Mai tankar da ke ɗiba don sayarwa ya biya fiye da su. Mai ɗiba da tulu don sha da girki, da dabbar da ta zo mashaya, a bar su, haƙƙinsu ne.

Sa'an nan kowane biya ya zama da rasit mai lamba, a kuma karanta lissafin shekara a gaban jama'a, kowa ya ji abin da ya shigo da abin da aka yi da shi. Mafi muhimmanci, a ware kaso sananne ya zauna a bakin tafkin da aka tara shi, a yashe magudana, a gyara ƙofa, a dasa itatuwa a gangaren da ke zubo ƙasa. Kakannin mutanen wannan yanki sun riga sun biya wa birni ruwa sau ɗaya, bai kamata jikokinsu su biya lasin su ga magudanarsu a toshe ba. Manomin da ya ga an yashe kwatar da ke kai ruwa gonarsa da kuɗin da ya bayar bara, ba sai an aika masa da ɗan sanda bana ba.

Allah ya jiƙan ma'aikatan En'e da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya ba masu riƙe da littattafan yau ikon tsare amana, amin.