Ina shirin takawa daga Kano zuwa Kusada, ta hanyar fatake

1/ Tun hutun da ya wuce nake zana hanyar da zan bi da ƙafa, jaka a baya, ban hau kwalta ba. Abokaina sun ce karatun tarihi ya taɓa min kai. To ku zo ku ji. 🧵

2/ A farkon 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda a nan ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina bayan Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki kan maganar kyauta. Ya biyo ta Kusada, ya ratsa Bichi, ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu. Ba shi ya ƙirƙiro hanyar ba fa, sawun fatake ya bi.

3/ Su kuwa fatake ba kara zube suke tafiya ba. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba ya san inda rijiya take da inda za a yada zango. Tafiyar yini ita ce ma'auni, gwargwadon abin da jaki mai kaya zai iya. Duk garin da kuka ji da unguwar Zango, ku tambaya, galibi baƙin hanya ne suka kafa ta.

4/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya. Kwaltar Katsina ta bi Dawanau, Bichi, Tsanyawa, Kankiya, garin Kusada ya koma gefe.

5/ Nan na sha wuya. Google Maps yana nuna min siririn layi tsakanin gonaki, in yi murna na samu tsohuwar hanya. Na je gwaji bayan Dawanau, sai na tarar burtali ne, rabinsa ma an shuke da gero. Wani dattijo ya yi min dariya, ya zana min da sanda a ƙasa inda jakuna ke bi zamanin babansa. Wallahi ya fi wayata amfani.

6/ Tsarina yanzu: kwana biyu zuwa Bichi, wajen kilomita 20 a rana, fita bayan Asuba, hutawa kafin Azahar. Duk ƙauyen da zan kwana sai na fara gaida mai unguwa, don baƙo da ƙatuwar jaka a wannan lokacin abin zargi ne, kuma ban ga laifinsu ba.

7/ Daga Bichi zuwa Kusada kuma, Umma ta ce ba da yawunta ba. Ban yi musu ba, kowa ya san labarin 'yan bindiga ta wancan ɓangaren. Shekara 170 da wani abu baya fatake ma a ayari suke tafiya saboda tsoron mahara, ni kuwa ni kaɗai ne.

8/ Don haka Bichi zan fara, cikin Disamba, an gama girbi kuma sanyi ya shigo. In kai ɗan Dawakin Tofa ne ko Bichi, kakanka ya taɓa nuna maka tsohuwar rijiya ko zangon fatake, ajiye min sunan wurin a ƙasa.