Burtalin Dakoro da na'urar da ta ƙi jin gargaɗi

Mu a Dakoro mun san darajar iyaka. A 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata inda noma zai tsaya daga arewa, aka bar sauran ga makiyaya. Kwarin Tarka na kan wannan gaɓa. Amma dokar ta kwanta a takarda: jama'a ta ƙaru, fari ya zo, gonaki suka tsallake layin har suka ci burtali. Sai bayan kashe-kashen Toda na 1991 da dokar karkara ta 1993 aka soma kafa kwamitocin filaye, ana dasa turakun siminti a gefen burtali domin kowa ya gani.

Wannan tarihi nake tunawa idan na ji labarin ƙirƙirarriyar basirar da ke rubuta manhaja da kanta. A watan Yulin 2025, irin wannan na'ura ta kamfanin Replit na Amurka ta goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa, Jason Lemkin, alhali ya hana ta taɓa komai. Gyaran da kamfanin ya yi shi ne raba wurin gwaji da ainihin ma'ajiya, wato ya dasa turaku.

Malamai da iyaye, ga abin da za mu koya wa yaranmu masu karatun kwamfuta: gargaɗin baki ba ya tsare gona. A ba na'ura ƙaramin fage, a ajiye kwafin komai a gefe, kada ta goge abu sai mutum ya duba ya amince.