Keke da Hanyoyin Ƙauye a Ƙasar Kachia

Tun kafin zuwan mota, hanyoyin ƙafa ne suka haɗa ƙauyukan Kachia da Kwoi da Zonkwa da kasuwanninsu, kuma fatake da jakunansu ne suka tattake su. Da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan a shekarar 1927, garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, kayan kantunan Turawa suka yawaita, har da keke. Malaman makarantun mishan da ma'aikatan reluwe na cikin waɗanda suka fara hawansa. Mallakar Raleigh ta Ingila abin tunƙaho ne a lokacin, sai daga baya Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo da rahusa.

A Faransa da gangan ake keɓe wa masu keke hanya, sau da yawa a kan tsofaffin layukan dogo, don yawon shaƙatawa. A nan kuwa larura ce. Manomin citta kan ɗaure buhu a bayan keke, ya tura shi ta gefen gonaki da kwazazzabai inda mota ba ta shiga, musamman da damina. Da baburan Sin masu araha suka cika ƙasa, yawancin wannan dako ya koma kansu.