Clara Schumann, Makaɗiyar Piyano Kuma Malama a Jamus

An haifi Clara Wieck a birnin Leipzig na ƙasar Jamus ranar 13 ga Satumba, 1819, kuma mahaifinta Friedrich Wieck malami ne na piyano, wato kayan kiɗan Turawa mai jerin maɓallai farare da baƙaƙe da ake dannawa da yatsu. Shi ya ɗora ta kan horo mai tsanani tun tana ƙarama, har ta yi kiɗa a gaban jama'a a Gewandhaus, babban zauren kiɗa na birnin, a 1828 tana shekara 9.

Aurenta da mai tsara kiɗa Robert Schumann, ɗalibin mahaifinta, bai zo da sauƙi ba, domin uban ya kafe cewa bai yarda ba, sai da kotu ta shiga tsakani aka ɗaura shi a 1840. Taɓin hankali ya sami Robert a 1854, ya rasu a asibiti kusa da Bonn a 1856, ya bar mata 'ya'ya bakwai. Daga nan kusan ta daina tsara kiɗa nata, ta koma yawon kiɗa a Jamus da Ingila domin ciyar da gida.

A wannan yawon ne darajarta ta fi bayyana. A zamaninta, makaɗa da dama na cika taro da gajerun kiɗe-kiɗe na burge mutane da saurin yatsu, ita kuwa sai ta riƙa gabatar da manyan ayyukan masu tsara kiɗa irin su Bach da Beethoven da Chopin da mijinta da Brahms, kuma tana cikin na farko da suka saba kiɗa da ka, ba tare da takardar alamomin kiɗa a gabansu ba. Ana iya cewa buƙatar kuɗi ce ta fitar da ita, amma ba ta sa ta sassauta zaɓinta ba.

Daga 1878 zuwa 1892 ta koyar a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, inda 'ya'yanta Marie da Eugenie suka taya ta shirya ɗalibai, tana nace musu cewa su bi abin da mai tsara kiɗan ya rubuta, kada su ƙara masa ado. Ta rasu a Frankfurt a 1896, amma ɗalibarta 'yar Birtaniya, Fanny Davies, ta kai zamanin faifai, inda a 1928 ta naɗi babban kiɗan piyano na Robert Schumann.